Kan Birinya a Hannun Alu Maɗori

Ya ɗaga hoton da hannu biyu, ya daidaita shi da hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure, ya kanne ido ɗaya. Na yau ƙashin cinya ne, na wani direba da ya daɗe da warkewa ya koma kan hanya. Haka Alu Maɗori yake yi kowace safiya bayan ya sha kunu, kafin masu jinya su fara kiransa: ya zaro ɗaya daga cikin hotunan ƙashin da ke cikin tsohuwar adakarsa, ya dube shi a rana, ya mayar.

Matarsa Ramatu, in ta zo ɗaukar kwano, ba ta wucewa ba ta tanka ba.

"Malam, yau ƙashin wa kaka karantawa?"

"Na wanda ba ya da surutu," in ji shi, ba tare da ya sauke hoton ba.

Ba don aiki yake duba su ba. A gidansu a Aliero ba da ido ake koyon ɗori ba. Yana ƙarami mahaifinsa kan karya ƙashin akuya, ya tura cikin jakar fata cike da dusa, ya ɗaure baki, ya ce ya haɗa shi ta waje. Da haka yatsunsa suka koyi gani. Shekara arba'in suna gaya masa abin da ke ƙarƙashin fata, kuma ba wanda zai iya cewa sun yi daidai ko sun yi kure sai ranar da mutum ya taka. Sannan masu karaya suka fara zuwa daga asibitoci da baƙar takarda mai sheƙi a cikin ambulan, in sun warke su tafi su bar ta. Ranar da ya fara ɗaga ɗaya a rana, ya ga tsagar nan daidai inda babban yatsansa ya ce tana nan. Ashe abin da ke ɓoye ana iya fito da shi fili a rataye. Tun daga ranar bai yarda an yar da ko ɗaya ba.

Mutum ne kamar kowa a garin. Yana da fadamar albasa, yana da jaki, yana da tari da ke taso masa lokacin girbi. Abin da ya bambanta shi, ban da hannun, shi ne tambaya. Ya taɓa tsare wani mai gyaran rediyo tun hantsi har azahar a kan ta ina murya take shiga waya. Yana kuma da doka ɗaya da ya gada, wadda bai taɓa karyawa ba: wanda aka yi wa ɗori yana kwana arba'in a ɗakin jinya shi kaɗai, ba mai shiga sai mai kai abinci. Dalilin mahaifinsa a bayyane yake. Mutanenmu ba su iya ganin babba ya shigo suna kwance. Sai sun yunƙura sun gaishe shi, a wannan yunƙurin kuwa ƙashi yake gocewa.

A shekara ta takwas da yanke Kebbi daga Sakkwato, lokacin cirar albasa, Ɗanbaba ya yi sallama a zauren. Mutumin Gumbin Kure ne, sana'arsa wasa da birai, yana bin kasuwanni da ƙaramar ganga da jajayen birai biyu. Namijin yana biye da shi a igiya. Sunansa Jandutsi, don a can aka kamo shi.

"Maɗori, marar lahiya nik kawo ma."

"Ina shi?"

Ɗanbaba ya buɗe gaban rigarsa. Macen ce a ciki, Yalwa, ta lafe a ƙirjinsa, hannunta na dama yana lilo daga inda bai kamata hannu ya lanƙwasa ba. Daga saman lodin albasa ta faɗo a hanyar Maiyama, da mota ta faɗa rami.

"Ɗanbaba, gidan ga ya yi ma kama da asibitin dabbobi?"

"Ƙashi ƙashi na, Maɗori. Kai kac ce haka ran da kaɗ ɗaure ƙahwar jakin Hamidu."

Alu ya yi dariya, don gaskiya ne. Ya karɓe ta, ya yi bisimilla, ya bi hannun da yatsa. Ƙasusuwa biyu ne a jere kamar na mutum, sai dai sirara kamar tsinken tsintsiya, duka sun karye. Ya ja, ya daidaita, ya fere kara ƙanana ya jera, ya naɗe da tsumma. Duk lokacin nan Jandutsi yana tsaye da ƙafa biyu a ƙarshen igiyarsa, yana leƙe.

"Kwana arba'in," in ji Alu. "Ita ɗai."

"Har shi?"

"Shi ma ya hi kowa. In yad daka mata tsalle guda, aikina ya lalace."

Ɗanbaba ya ja Jandutsi suka tafi. Har suka sha kwana birin yana tafiya da baya da baya.

Kwana goma na farko komai ya tafi daidai. Aka sa Yalwa a ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen gida, aka ɗaure ta da sassauƙar igiya. Tana cin gujiya, tana cin tumatir, ta ma taɓa sace wa Ramatu ludayi. Kumburi ya saɓe. Yatsun Alu suka ji ƙashi ya fara toho, wannan ɗan tudun da yake fitowa a bakin karaya in za ta kama.

Daga nan sai ta fara rage ci. A kwana na goma sha biyar ta juya wa ƙofa baya. Ta zauna tana fuskantar bango, kanta a sunkuye, gashinta ya yi buzu-buzu ya dusashe, jan nan ya koma kalar ƙasa. In an ajiye mata ayaba sai ƙudaje su ci. Ruwa kaɗai take kurɓa, shi ma sai an kai mata baki. Alu ya kwance ɗorin ya duba: ba wari, ba zafi, ba ruɓa. Hannun yana warkewa, mai hannun tana mutuwa. Wannan bai taɓa faruwa a ɗakinsa ba, kuma amana ce aka ba shi.

Ya yi tunani irin na maɗori. In ciwo ya ƙi, akwai ƙashin da ba a gano ba. Ai da ka ta faɗo. Ya bi ƙoƙon kanta da yatsa sau ba adadi, gaba da ƙeya da bayan kunnuwa, bai ji komai ba. Ya ce to tsagar ta ciki ce, inda yatsa ba ya kaiwa. Amma ya san abin da yake kaiwa.

Ranar kwana na ashirin ya naɗe ta a zane, ya shiga a-kori-kura zuwa Jega. A wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan kasuwa akwai mai ɗaukar hoton ƙashi, Abdulmajid, wanda Alu ya taɓa ɗora wa ƙafa tun yana ɗan makaranta. Yanzu ya yi tumbi, ya fara furfura, amma har gobe in ya ga Alu sai ya durƙusa.

"Baba, jinjiri na?"

Alu ya buɗe zanen. Abdulmajid ya ja da baya, ya dubi ƙofa, ya dube shi.

"Baba, so kaka yi a kore ni?"

"Hoton kai ɗai nika so. Ba ta cizo, ko ƙarhin cizon ba ta da shi."

"In likita yas shigo mi za ni ce mai?"

"Ka ce ɗiyar ƙanwarka ta. Kamar ma akwai."

Abdulmajid ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya kulle ƙofa. Ya rataya wa Alu wata riga mai nauyin tsiya, ya nuna masa yadda zai riƙe kan. Yalwa ba ta ko motsa ba. Na'ura ta yi ƙara sau ɗaya. Bayan an wanke hoton, Abdulmajid ya manna shi a jikin akwatin fitila, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Ɗan ƙoƙo ne fari, zagayayye kamar ƙwaryar da aka fafe da kyau, ga ramukan ido, ga haƙora a jere. Alu ya bi gefensa da ido a hankali, kamar yadda yake bi da yatsa. Ba tsaga, ko ta gashi guda.

"Lahiya lau yake, Baba."

Alu ya matso kusa da hoton. Ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙoƙon, inda ba komai sai toka-toka kamar hayaƙi.

"Nan hwa? Ina abin da ac ciki?"

"Ƙwaƙwalwa tana nan. Na'urar ga ba ta ganinta, ƙashi ɗai taka gani."

"To ciwon can yake, kai kuma ka ɗauko mini hoton tukunya ka bar tuwo."

Abdulmajid ya ja kujera ya zauna. Ya ce akwai wata mujalla da likitansu ya zo da ita daga taro, ya karanta a ciki cewa a ƙasashen Turawa akwai na'ura mai kama da rami, ana tura mutum ciki a kwance. Ita tana ganin ƙwaƙwalwa, har tana nuna sashen da yake aiki, don duk inda aiki ya taso jini yakan ruga can, wurin ya fito da launi a hoton. Ya ce masu bincike sun fara sa birai a ciki, su nuna musu abubuwa, su ga inda zai haska.

Alu ya zauna a bakin gadon ƙarfe, rigar nauyin tana jikinsa, ya manta da ita.

"Birai? Irin wagga?"

"Danginta dai."

"Su nuna musu mi?"

"Zane-zane, haske, abin da ke motsi."

"In an nuna mai ɗan'uwanai hwa? Ina ka haskawa? Wuri guda da na abinci, ko daban? In wanda yas sani na, da wanda bai sani ba, duk ɗaya?"

"Baba, ban ga wannan ba. Wataƙila ba su kai can ba tukuna."

"Ina na'urar take, mu kai ta?"

"Ko gidanka da gonarka da jakinka aka sayar, ba su biyan jirgi."

A mota, a hanyar dawowa, magana ɗaya ce ta tsaya masa. Jini yana rugawa inda aiki ya taso. To jini ai ba baƙonsa ba ne. Duk wanda ya ɗora wa karaya sai ya danna jijiya ya ji ko jini yana wucewa. Ba shi da rami mai launi, amma hanyar da jini yake bi ya hau kai tana nan a gefen wuya, kuma yatsunsa suna nan.

Washegari da hantsi ya zauna a ƙasa kusa da Yalwa, ya juyo ta tana fuskantar ƙofa, ya ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin haɓarta. Bugun yana nan, siriri, mai sauri, ba ƙarfi, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke. Ya nuna mata ayaba. Bai canja ba. Ya nuna gujiya, ya kaɗa makullai, ya sa aka shigo da kaza. Ya aro madubin Ramatu. Nan ta ɗaga ido, bugun ya yi tsalle sau biyu uku, ta miƙa hannun hagu ta laluba bayan madubin, ba ta sami kowa ba, ta sunkuyar da kai. Ya rasa yadda zai fassara wannan, amma ya riƙe shi.

Ramatu ta gaji da jiran madubinta. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar da ke daidai ƙofar ɗakin, maƙwabciyarta Kaltume ta zauna a bayanta ta fara yi mata tsifa. Suna hira a kan tsadar manja. Kaltume tana warware kitso da tsinke, tana raba gashi, tana sosa fatar kai, tana hurewa.

A ƙarƙashin yatsun Alu wani abu ya sauya. Bugun ya cika, ya yi nauyi, kamar an buɗe wa ruwa hanya a fadama. Ya dubi Yalwa. Idonta yana kan hannun Kaltume, yana bin tsinken duk inda ya je, leɓɓanta suna motsi, tana ɗan tauna iska.

"Kaltume, tsaya."

Ta tsaya. Bugun ya koma siriri.

"Ci gaba."

"Malam, lahiya?" in ji Ramatu. "Tsihwar tawa ma sai an yi mata doka?"

"Ku dai ci gaba. Kar ku dubo nan."

Sau uku yana tsayar da su, sau uku abin yana dawowa yadda yake. Da ya gaya musu abin da yake ji, Ramatu ta dube shi da rabin kai a tsefe.

"Don wannan kat tahi Jega? Da ni kat tambaya da kuɗin motarka sun huta. Ba ka ganinsu in Ɗanbaba ya aje ganga? Wuni suka yi suna duba ma juna kai. Kwana ashirin ba wanda yat taɓa ta sai kai, kai kuwa ƙashi ɗai kaka taɓawa."

Ta shigo ta durƙusa, ta fara raba gashin bayan Yalwa da yatsu. Birinyar ta lumshe ido. Da la'asar ta ci gujiya huɗu. Washegari ta ci biyu, ta sake juyawa bango. Hannun Ramatu ya taimaka, amma ba shi take jira ba.

Alu ya lissafa. Kwana ashirin da biyu. Ƙashin ya kama, amma ɗanye ne, tsalle ɗaya zai raba shi, kuma karaya ta biyu a wuri ɗaya ba kasafai take komawa daidai ba. In kuma ya jira arba'in ta cika, zai miƙa wa Ɗanbaba gawa mai lafiyayyen hannu. Ya daɗe a zaure yana juya hoton kan a hannunsa. Mahaifinsa bai bar masa komai a kan wannan ba.

Washegari da asuba shi da kansa ya tafi, ta Maiyama, ya ƙarasa Gumbin Kure a bayan kabu-kabu. Ya tarar da Ɗanbaba a gindin bedi, wato darbejiya, ganga a rataye. Jandutsi yana can nesa a ɗaure, ya tsige gashin cinyarsa har fata ta fito.

"Ta mutu?" in ji Ɗanbaba, ya miƙe.

"Ba ta mutu ba. Mi yas sa ba ka kasuwa?"

"Da wa? Wanga tun da mun ka baro gidanka bai sake rawa ba. Ran nan a Birnin Malam cizona yay yi gaban mutane."

"Kuma ba ka zo ka hwaɗa min ba?"

"Kai kac ce arba'in, Maɗori. Wa ka ja da kai?"

Suka iso Aliero rana ta karkata. Alu ya ƙara wa ɗorin kara, ya naɗe shi sau biyu, ya zauna ya rungumo Yalwa ta gefe, jikinsa ya kare hannun, yatsunsa biyu a wuyanta. Ya ce Ɗanbaba ya riƙe igiyar Jandutsi a gajarce, ya shigo da shi a hankali.

Tun kafin inuwarsu ta faɗo ƙofa bugun ya tashi. Ta ji ƙarar ɗan zoben igiyar. Da Jandutsi ya bayyana, jijiyar ta yi ta dukan yatsun Alu kamar za ta fasa fata, har ya ji tsoro. Ya so ƙwarai a ce kan nan na gilashi ne. Wani wuri a cikin wannan hayaƙin da ya gani a Jega ya kama kamar wutar kara, yana tafin hannunsa, tsakaninsa da shi bai kai kaurin yatsa ba, kuma ba zai taɓa ganinsa ba.

Jandutsi bai yi tsalle ba. Ya tsaya, ya yi wani ɗan gurnani can ƙasa, ya matso da rarrafe. Ya shinshina karan ɗorin, ya kewaye shi, ya zauna ta ɗaya gefen. Sannan ya sa yatsu ya buɗe gashin kafaɗarta, ya tsinci wani abu ya kai baki, ya buɗe gaba.

Bugun ya fara sauka. Ya sauka, ya sauka, ya cika, ya daidaita, har ya zama irin na mai barci bayan ya ƙoshi. Alu ya ƙirga shi a zuci, ya sake ƙirgawa.

"Maɗori, mi kaka ji?" Ɗanbaba ya tambaya da raɗa.

"Yi shiru. Karatu nika yi."

Can Yalwa ta motsa. Hannun daman, wanda ba ta ɗaga ba tun ranar da ta faɗo, ya taso a hankali da karansa da tsummansa, yatsun suka buɗe, suka sauka a kan cinyar Jandutsi inda ya tsige, suka fara laluba. Alu ya bi ƙashin da ido. Bai goce ba. Ramatu, daga bakin ƙofa, ta turo kwanon gujiya da ƙafa. Jandutsi ya ɗiba ya cika kumatu. Yalwa ta dube shi yana tauna, ta sa hannun hagu ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki ta biyu, ba ta tsaya a ta huɗu ba.

"Sauran kwana goma sha bakwai nan zai yi su," in ji Alu. "Kai ma ka nemi tabarma."

"Dokar hwa?"

"Shi ai bai san gaisuwa ba, ba ta tashi mai."

Ya so ya ƙara jin bugun ko sau ɗaya, don akwai sauran tambaya: ko in ita ce ke yi masa, ba shi ke yi mata ba, abin ɗaya ne? Ya mayar da yatsunsa wuyanta. Jandutsi ya ɗago, ya dube shi ido cikin ido, ya yage leɓe ya nuna masa haƙora, sannan ya sa bayan hannu ya ture yatsun gefe, ya ci gaba da aikinsa a daidai wurin.

"To, ranka ya daɗe," in ji Alu. "Na ji."

Ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya ɗauki ambulan ɗin Jega daga kan taga ya saƙale a hammata, ya sunkuya saboda gajartar ƙofa, ya fita.